Majalisin Dare da Alƙalamin Malaman Gida: Tarihin Karanta Talifi a Gaban Jama'a a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, tun daga Bodinga da Sifawa, ya biyo ta Yabo da Shagari, har ya iso Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe da Kuchi, ya san al'adar nan ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure ko harabar masallaci bayan sallar lisha'i, a kunna fitila, malami ya kwance gafaka ya fito da takardu, jama'a su kewaye shi suna sauraro. Sau da yawa abin da ake karantawa na magabata ne, kamar Ishiriniya ta Alfazazi ko Burda ta Busiri. Amma akwai wani irin zama na daban, wanda mai talifin da kansa yake zaune a cikin mutane, ya karanta abin da alƙalaminsa ya rubuta, malamai su gyara masa, almajirai su kwafa, sauran jama'a su haddace. A kan wannan zama na biyu ne wannan maƙala za ta yi bayani, domin tarihinsa a wannan ƙasa ya haura shekara 200, kuma yana cikin abubuwan da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda aka sani da Ƙadirawa, suka kafu a kansu.

Asalin al'adar a duniyar Musulmi

Tun farkon Musulunci malamai ba su ɗauki littafi a matsayin kammalalle ba sai an ji shi daga bakin mai shi, ko an karanta a gabansa yana tabbatarwa. Wannan shi ake kira sima'i da ƙira'a, kuma daga gare su ijaza take fitowa. A ƙarshen kwafin littafi akan rubuta sunan wanda ya karanta, da waɗanda suka halarta, da wuri da rana. Littafin Maƙamatu na Hariri, wanda har yau manyan ɗalibai ke sha a zaurukan ƙasar Hausa, an karanta shi a gaban mai shi a Bagadaza a shekarar 504 ta Hijira (1111), kuma kwafin da ke ɗauke da shaidar wannan zama yana nan a ajiye.

Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya yarda da shi, wanda ya rasu a Bagadaza a 561 (1166), shi ma ta wannan hanya mafi yawan maganganunsa suka iso ga na baya. Littafin Fathur Rabbani majalisai ne guda 62 da ya yi a makarantarsa da ribaɗinsa a shekarun 545 da 546 na Hijira, masu sauraro suka rubuta, aka sanya wa majalisan ranakunsu. Ashe ke nan ɗariƙar da Shehu Usmanu ya riƙe, tun daga tushenta a majalisi ta girma.

Daga Degel zuwa Zamfara

An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya tashi a Degel. Yana ɗan kimanin shekara 20, a 1188 (1774), ya tsara ƙasidarsa ta Larabci mai ƙafiyar dalun a kan begen Manzon Allah (SAW), kuma a daidai wannan lokaci ya fara kiran mutane zuwa ga addini. Ƙanensa Shehu Abdullahi ya yi wa wannan ƙasida tahamisi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa a cikin Infaƙul Maisuri: yadda yake fitowa da sakin fuska ya gai da jama'a, yadda yake wa'azi a daren Juma'a, da yadda yake saukar da magana daidai da fahimtar masu sauraro. Domin mafi yawan masu halarta ba su jin Larabci, Shehu ya riƙa tsara waƙoƙi da Fulatanci, ana kuma yin wa'azi da Hausa, har makiyayi da manomi da matar aure suka sami abin da za su koma da shi gida a ƙirjinsu.

Shehu Abdullahi ya adana labarai biyu a cikin Tazyinul Waraƙati waɗanda suke nuna ƙarfin wannan al'ada. Na farko ya faru a lokacin zaman Shehu a Zamfara, wajen 1201 (1786). Wani malami Babarbare mai suna Mustafa Gwani ya tarbi Shehu da baitoci, yana nasiha da a hana mata halartar wa'azi saboda gudun cakuɗuwa da maza. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa, ya kuwa amsa da baitoci a kan karin da ƙafiyar da malamin ya zo da su, yana bayyana cewa ana keɓe mata gefe, kuma barin su cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi muni. Mas'ala ce mai nauyi, amma da waƙa aka tayar da ita, da waƙa aka warware ta, cikin ladabi irin na malamai.

Na biyu ya faru bayan komawarsu Degel. Shehu Abdullahi ya ga cewa da yawa daga malaman danginsu suna ja da baya ga kiran Shehu, sai ya tsara ƙasidar nasiha ya aika musu. Da ta isa, Malam Mustafa ɗan Alhaji Usmanu ya karanta ta a gaban jama'a, ya umurce su da yin ɗa'a, sannan ya yi mata tahamisi, Malam Zaidu Al'asari kuma ya yi mata sharhi. Da wannan karatu na bainar jama'a ne malaman dangin suka rungumi kiran. Takarda guda ce aka aiko, amma sai da aka ɗaga murya da ita a cikin taro sannan ta yi aikinta.

Sifawa da Bodinga da Gwandu

Bayan hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 da nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, jama'a ta gangaro kudu. An ci Birnin Kabi a 1805, aka zauna Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, kuma a ƙarshen shekarar aka sha wahalar yaƙin Alwasa. Ko a cikin wannan ƙunci alƙalami bai tsaya ba. Shehu Abdullahi ya yi waƙar nasara bayan Kwatto, ya yi marsiyyar waɗanda suka yi shahada, ya kuma yi waƙar zargi a kan waɗanda son duniya ya fara rinjaya a cikin rundunar. Majalisin jama'a wuri ne na yabo, kuma wuri ne na faɗa wa kai gaskiya.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, inda ya zauna har 1815 yana karantarwa da wallafa, Shehu Abdullahi kuma yana kusa da shi a Bodinga. A waɗannan shekaru ne kudancin ƙasar Sakkwato ya zama cibiyar ilimin daular gaba ɗaya. A 1227 (1812) Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuhi inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, a shekarar da ta biyo kuma ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati. A cikin wannan littafi ya sanya fassarar Larabci ta ƙasidar Shehu ta Fulatanci wadda ake kira Ƙadiriyya, ta tawassuli da Shehu Abdulƙadir.

A Sifawa ne kuma Shehu ya rubuta Najmul Ikhwani, inda ya yi wata wasiyya da ta shafi wannan batu kai tsaye. Ya hori almajiransa da su shagaltu da karanta littattafan malaman zamaninsu, domin su suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu, kuma talifinsu bayani ne ga abin da magabata suka dunƙule. Ya ambaci littattafan ɗan'uwansa Abdullahi saboda kiyaye zahirin shari'a, da na ɗansa Bello saboda ilimin siyasar al'umma, sannan nasa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan wasiyya ita ce hujjar da ta ba marubucin gida matsayi a majalisi, kusa da littattafan Masar da Maroko da Timbuktu.

Muhammadu Buhari da Tambuwal

A cikin 'ya'yan Shehu, wanda sunansa ya haɗu da Tambuwal shi ne Muhammadu Buhari, wanda aka haifa wajen 1200 (1785). Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, kuma lokacin da Shehu ya rarraba kula da sassan ƙasa, an ɗora masa wani yanki na kudu. Ya zauna Tambuwal yana tsaron wannan gefe, ya jagoranci runduna tare da mutanen Gwandu, ya rasu 'yan shekaru kaɗan bayan rasuwar ɗan'uwansa Bello a 1837. Sarautar Tambuwal tana hannun zuriyarsa.

Abin da ya bambanta Buhari a wurin masana adabi shi ne ƙwarewarsa a waƙar Larabci. Ana lissafa shi cikin fasihan daular, kuma yana cikin 'yan kaɗan na wancan zamani da suka bar baitocin gazalu, wato waƙar bege da shauƙi bisa tafarkin mawaƙan Larabawa na farko, waɗanda diwaninsu yake cikin abin da ake karantarwa a gidan Shehu. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun yi nazarce-nazarce a kan waƙoƙinsa. Darasin da ke cikin rayuwarsa shi ne, garin da aka kafa domin tsaron iyaka bai rasa majalisin ilimi ba, kuma mutumin da ke riƙe da ragamar doki da rana shi ne ke auna baiti da dare. Wannan ita ce manufar ribaɗi kamar yadda Bello ya tsara ta: ganuwa da masallaci da makaranta a wuri guda. Malaman Tambuwal da na Kebbe da ƙauyukansu da suka biyo baya, a kan wannan gado suka ɗora.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Amsar da aka ba Mustafa Gwani a Zamfara ta yi 'ya'ya bayan shekara 50 a hannun Nana Asma'u (1793 zuwa 1864). Ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa. A 1247 (1831) ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ƙanenta Isa ɗan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da Shehu ya rasu, ya yi mata tahamisi. Ta tsara waƙar tawassuli da mata salihai, da waƙar tarihin jihadi wadda Isa ya fassara aka san ta da Waƙar Gewaye.

Hikimar Nana ita ce yadda ta tsara isar da waɗannan waƙoƙi. Ta naɗa dattijan mata a matsayin jajoji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji takan jagoranci mata daga ƙauyensu su zo wurin Nana, su saurari waƙa daga bakinta, su haddace, su koma su karantar da waɗanda aure da reno suka hana tafiya. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Ta haka majalisi ya shiga cikin gida, ya zama ana jin baitocin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi (SAW) a bakin turmi da wurin kaɗi. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucenta a Amurka, kuma ginshiƙin aikin nasu shi ne takardun da ke gidan Wazirin Sakkwato Junaidu (1906 zuwa 1997), wanda yake daga zuriyarta ta wajen Waziri Giɗaɗo.

Yadda majalisin yake aiki

Domin a gane dalilin da ya sa magabata suka ba wannan zama muhimmanci, sai a tuna da halin rubutu a zamaninsu. Takarda daga Italiya take zuwa, mai alamar jinjirin wata uku a jikinta, ta ratso hamada ta Tarabulus ko Masar, saboda haka tana da tsada. Tawada da hannu ake haɗa ta da ƙaro, alƙalami na kara ne, kuma kowane kwafi sai an zauna an rubuta shi harafi bayan harafi. A irin wannan hali, karantawa a gaban jama'a ita ce ɗab'i, ƙwaƙwalwar masu sauraro kuma ita ce ɗakin ajiya.

Majalisin yana yin ayyuka huɗu. Na farko tacewa: malaman da ke zaune za su kama kuskuren nahawu, ko karyewar kari, ko hukuncin da ya saɓa wa Risala da Muhtasar, kafin talifin ya bazu. Na biyu yaɗawa: almajirai su kwafa, masu murya su ɗauki kari, makafi masu bara da waƙoƙin wa'azi su kai shi kasuwanni da ƙofofin gidaje. Na uku amsawa: wanda ya yarda da waƙa yakan yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu su zama biyar, ko ya fassara ta, ko ya yi mata sharhi, wanda bai yarda ba ya mayar da martani a kan ƙafiyarta. Na huɗu shaida: duk wanda ya halarta ya san mai waƙar da lokacin da aka yi ta.

Masu talifi sun ƙara wa kansu wani kariya. A ƙarshen waƙa sukan ambaci sunansu ko na mahaifinsu, su faɗi adadin baitoci domin kada a ƙara ko a rage, su kuma sanya ramzi, wato shekarar da aka ɓoye a cikin haruffa. A lissafin abajada na Magariba da ake bi a nan, shinun 1000 ne, ra 200, nunun 50. Idan aka haɗa ukun an sami 1250 ke nan. Da irin wannan ramzi ne masana a yau suke gane shekarun waƙoƙin ƙarni na 19.

Zamanin boko da ɗab'i da rediyo

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, boko ya shigo, amma majalisi bai mutu ba. An kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka buga littafin Waƙoƙin Hausa a 1957, rubutattun waƙoƙi suka fara shiga makarantun gwamnati. Wannan yanki ya ba da nasa rabo. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 domin koya wa yara labarin ƙasa ta hanyar da kakanninsu suka koyi fiƙihu. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918, ya zama ɗaya daga cikin manyan fasihan Hausa, aka buga diwaninsa Fasaha Aƙiliya a 1977. A Kano, ƙungiyoyin marubuta waƙa irin su Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin sun riƙa haɗuwa suna karanta waƙoƙinsu, ana kuma watsawa ta rediyo a shekarun 1970. A zawiyoyin Ƙadiriyya da na Tijjaniyya kuwa, daren Maulidi da tarukan shekara suka ci gaba da zama wurin da sabuwar ƙasida take fara fitowa, kaset ya ɗauka ya kai nesa.

Jami'o'i ma sun shigo. A 1978 Bello Sa'id ya gabatar da bincikensa a Jami'ar Bayero a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, inda ya tattaro waƙoƙi masu yawa daga hannun malamai da masu haddar su. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna ajiye da ɗimbin rubutun hannu.

Amanar da ta rage

Abin da aka tattara ya fi karkata ga manyan gidaje da sanannun sunaye. Malamin ƙauye da ya yi marsiyyar shehinsa, ko ya tsara farillan alwala domin yaran unguwarsu, ko ya rubuta labarin wata yunwa ko annoba da ta auka wa garinsu, takardunsa suna cikin gafaka ko tsohon akwati, gara da ɗigon damina suna cin su. Idan ya rasu magada sukan raba littattafai kamar sauran kaya, rabin waƙa ya tafi wani gida, rabi wani. Matasa da yawa sun iya boko amma ajami yana yi musu nauyi. Wayar hannu ta sauƙaƙa yaɗa murya, sai dai takan yaɗa ta ba sunan mai ita, ba shekara, ba wanda ya tace, har a jingina wa Shehu ko Nana baitin da ba su san da shi ba. Ga kuma rashin tsaro da ya taɓa ƙauyukan Kebbe da iyakar Zamfara a shekarun 2020, wanda ya rage zaman dare, ya kuma raba wasu iyalai da gidajensu da abin da ke ciki.

Maganin yana cikin tarihin da aka ambata. Ya dace kowace zawiya ta keɓe zama, ko da sau ɗaya a wata, da wani dare a cikin taron shekara, inda masu rubutu na yankin, dattijo da matashi, za su karanta nasu da Larabci ko Hausa ko Fulatanci a gaban malaman da za su gyara. A sami littafi guda da za a riƙa rubuta sunan mai talifi da ranar karatu da mahalarta, kamar yadda ma'abuta sima'i suke yi. Duk muryar da za a ɗauka a fara ta da sunan mai waƙa da garinsa da shekara. Masu tsofaffin takardu su yarda a ɗauki hotonsu, asali ya zauna a gidansu, kwafi ya tafi wuraren ajiya na Sakkwato. Mata su raya nasu zama bisa tsarin jajoji. A kuma zaunar da yara kusa da masu karanta ajami tun dattawan da suka san karin kowace waƙa suna raye, domin takarda tana riƙe harafi, amma kari a baki yake.

Kammalawa

Daga Degel zuwa Sifawa, daga Gwandu zuwa Tambuwal, tarihi ya nuna cewa jama'ar Shehu ta girmama malamanta na gida ta hanyar zama a saurare su, a gyara musu, a haddace nasu, a isar da shi da sunansu. Wasiyyar Najmul Ikhwani tana kan mutanen wannan zamani kamar yadda ta hau kan mutanen 1812. Allah Ya jiƙan Mujaddadi Shehu Usmanu, da Shehu Abdullahi, da Sarkin Musulmi Bello, da Muhammadu Buhari, da Nana Asma'u, da dukkan malaman Tambuwal da Kebbe waɗanda aka sani da waɗanda sunayensu suka ɓace. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya raya majalisan ilimi da zikiri, Ya karɓi wannan taro, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.